Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Babban Yatsa Da Ake Ɗora Wa Sammu

 

Maganarmu ta wannan mako a kan wani ciwo ce da ke zuwa da dare kamar ɓarawo. Magidanci ya kwanta lafiya lau, can tsakar dare sai ya farka da raɗaɗi a gindin babban yatsan ƙafarsa, kamar an ɗora masa garwashi. Kafin asuba wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi, fatar tana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba. A gidaje da yawa abin da za a fara cewa shi ne ya taka sammu, ko an yi masa jifa. Wasu su ce sanyin ƙashi ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya lafa da kansa, sai a yaba wa maganin da aka sha na ƙarshe. Bayan wasu watanni ya dawo, wani lokaci a idon sawu ko gwiwa.

Likitoci suna kiran wannan ciwo gaut. Tushensa wani sinadari ne da ke cikin jinin kowa, sunansa yurik asid. Idan ka fahimci inda yake fitowa, da ƙananan ma'aikatan da ke sarrafa shi a jikinka, za ka gane dalilin ciwon, dalilin da ya sa maganinsa yake aiki, da kuma wasu cututtuka na yara waɗanda a zahiri ba su yi kama da shi ba ko kaɗan.

Daga ina yurik asid yake zuwa?

Ƙwayoyin halitta a jikinka suna ɗauke da kundin gado wanda ake kira DNA. Haruffa huɗu aka rubuta wannan kundi da su, biyu daga ciki, adenin da guwanin, suna cikin dangin sinadaran da ake kira fiyurin. Fiyurin ɗin nan kuma shi ne ginshiƙin sinadarin ATP, wanda jiki yake ajiye ƙarfi a cikinsa. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Emil Fischer, shi ya raɗa wa dangin wannan suna a 1884.

Kullum ƙwayoyin halitta suna tsufa suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu. Idan ƙwaya ta mutu, dole a san yadda za a yi da fiyurin da ta bari. Haka nan naman da ka ci ƙwayoyin halitta ne na dabba, shi ma yana zuwa da nasa fiyurin. Amma ka riƙe wannan tun yanzu, don za mu dawo kansa: mafi yawan yurik asid da ke jininka, kimanin kashi biyu cikin uku, daga jikinka yake fitowa. Abinci ragowar kawai yake kawowa.

Masu wannan aiki su ne enzayim. Enzayim wani furotin ne da jiki yake ƙerawa don ya yi aiki guda ɗaya tak, kamar yadda a kasuwa maƙeri daban, baduku daban, mahauci daban. Huɗu daga cikinsu za mu duba yau.

Na farko: mai ƙarasa aiki

Sunansa zantin oksides, kuma ya fi yawa a hanta da hanji. Shi ne a ƙarshen layi. Fiyurin da jiki ya gama da shi yana zuwa wurinsa a siffar wani sinadari mai suna haifozantin, sai ya juya shi zuwa zantin, ya sake juya zantin zuwa yurik asid. Daga nan yurik asid ya shiga jini, ƙoda ta fitar da kimanin kashi biyu cikin uku ta fitsari, ragowar ya bi ta hanji.

Ka san yurik asid da idonka ko da ba ka san sunansa ba. Farin nan da kake gani a kan kashin kaza ko na tantabara, shi ne. Tsuntsaye ba sa fitsari irin namu, da wannan farin suke zubar da dattin jikinsu. Ka lura da yadda yake bushewa kamar alli, ruwa ba ya narkar da shi da sauƙi. Wannan ƙin narkewa shi ne asalin matsalar. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara ware sinadarin a 1776 daga tsakuwar da aka ciro a mafitsara. A 1848 kuma likitan Ingila Alfred Garrod ya nuna cewa masu gaut suna da shi da yawa a jininsu.

Na biyu: wanda ba mu da shi

Akuyarka, saniyarka da kyanwar gidanku suna da wani enzayim mai suna yurikes. Aikinsa shi ne ya ɗauki yurik asid ya mayar da shi alantoyin, sinadarin da ke narkewa cikin ruwa ya fita da fitsari ba wahala. Ɗan Adam ba shi da wannan enzayim. Umarnin ƙera shi yana nan a kundin gadonmu, amma a lalace yake, ba ya aiki. Shi ya sa yawan yurik asid a jinin mutum ya ninka na yawancin dabbobi masu shayarwa sau da dama, kuma ko mai lafiya ba shi da nisa sosai da iyakar abin da jini zai iya narkarwa.

Iyakar nan kimanin miligiram 6.8 ce a kowace desilita ta jini. Ka zuba gishiri a kofin ruwa kana motsawa, zai kai wani matsayi da ruwan ya ƙoshi, ragowar ya kwanta a ƙasa. Haka yurik asid yake yi idan ya daɗe sama da wannan iyaka: ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura, ya kwanta a gaɓoɓi. Ya fi saurin daskarewa a wuri mai sanyi, kuma yatsan ƙafa ya fi nisa da zuciya, ya fi sauran jiki sanyi, musamman da dare. Ranar da fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suka ci karo da waɗannan allurai, sai su ɗauke su a matsayin abokan gaba su far musu. Wannan yaƙi shi ne kumburi da zafin da suka ta da maigida tsakar dare.

A cikin masu gaut, kusan tara cikin goma matsalarsu ita ce ƙoda ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata. Yawanci gado ne, shi ya sa za ka ga uba da ɗa ko wa da ƙane suna fama da shi. Maza sun fi kamuwa, saboda sinadarin istirojin na mata yana taimaka wa ƙoda wajen fitarwa. Amma ke ma uwargida, bayan al'ada ta ɗauke wannan kariya tana raguwa.

Na uku: ɗan jari-bola

Ƙera sabon fiyurin yana cin ƙarfin jiki ƙwarai, don haka jiki ba ya zubar da tsohon haka kawai. Akwai enzayim da ake taƙaita sunansa da HGPRT, wanda aikinsa irin na ɗan jari-bola ne: ya tsince tsohon fiyurin kafin ya isa wurin zantin oksides, ya mayar da shi a sake amfani da shi. Mafi yawan fiyurin da jiki ya saki ta irin wannan hanya ake ceto shi, kaɗan ne yake zama yurik asid.

Abin da ke faruwa idan babu wannan ma'aikaci ya fito fili a 1964, lokacin da wani ɗalibin likitanci, Michael Lesch, da malaminsa William Nyhan na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka bayyana wasu yara maza biyu 'yan uwan juna. Jininsu cike yake da yurik asid, jikinsu ba ya tsayuwa yadda ya kamata, kuma suna cizon leɓɓansu da yatsunsu har su ji wa kansu rauni mai tsanani, alhali suna jin zafin kuma ba sa so. Bayan shekara uku, a 1967, Jarvis Seegmiller da abokan aikinsa suka gano cewa rashin HGPRT ne sanadi. Cutar ta ɗauki sunan likitocin biyu, Lesch-Nyhan. Ba ta da yawa, kuma kusan yara maza kaɗai take kamawa, domin ta hanyar uwa ake gadonta alhali ita uwar lafiyarta lau. Ɗaya daga alamunta na farko shi ne wani abu kamar yashi mai launin lemo a cikin ƙunzugun jariri. Jarirai masu lafiya ma sukan yi irin wannan a kwanakin farko na haihuwa ya wuce. Idan ya ci gaba har watanni, kuma yaron ya makara wajen riƙe wuya ko zama, a kai shi wurin likitan yara. Yaro mai cizon kansa irin haka yana buƙatar asibiti da tausayi, duka ko zargin iska ba za su amfane shi da komai ba.

Akwai wani abin sha'awa game da wannan hanya ta jari-bola. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ba ta iya ƙera fiyurin nata daga tushe. Dole ta tsinci wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jininmu, ta sarrafa shi da enzayim nata. Wannan rauni nata ya sa masu bincike suke neman maganin da zai toshe mata hanyar, don ta mutu da yunwa.

Na huɗu: mai kare sojoji

Enzayim na huɗu shi ne adenosin diyamines, ana taƙaita shi da ADA. Yana kusa da farkon layi, yana kwashe wani nau'in fiyurin wanda idan ya taru yakan zama guba ga fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait. Jaririn da aka haifa babu ADA kusan ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan: gudawa, ciwon huhu da farin baki ba sa barinsa, kuma idan ba a yi magani ba da wuya ya wuce shekara biyu. Wata likita Ba'amurkiya, Eloise Giblett, ta gano alaƙar a 1972. Sai an gaji lalataccen umarnin daga uwa da uba duka biyu cutar take bayyana, don haka irin waɗannan cututtuka sukan fi fitowa a dangin da auren zumunci ya yi yawa. Iyalin da suka rasa jarirai a jere ta hanyar cututtukan da ba sa jin magani, ya kamata su gaya wa likita wannan tarihi dalla-dalla.

A kan wannan cuta ce aka yi gwajin farko da hukuma ta amince da shi na gyara kundin gado don magani. A watan Satumba na 1990, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Amurka, aka ciri fararen ƙwayoyin jinin wata yarinya 'yar shekara huɗu, Ashanthi DeSilva, aka saka musu lafiyayyen umarnin ƙera ADA, aka mayar mata da su. Wannan enzayim yana da amfani a asibitocinmu ta wata fuskar ma: idan ruwa ya taru a ƙirjin mutum, auna yawan ADA a cikin ruwan yana taimaka wa likita ya gane ko tarin fuka ne.

Abubuwan da ke ɗaga shi a wurinmu

Mu dawo kan gaut, wanda shi ne ya fi kusa da gidajenmu. An daɗe ana ce masa ciwon masu kuɗi saboda cin nama, amma ga wasu dalilai da ba ruwansu da aljihu.

Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su haidirokulorotayazaid da furosemaid, suna hana ƙoda fitar da yurik asid. Firazinamid, ɗaya daga magungunan da ake bai wa mai tarin fuka a watanni biyun farko, shi ma haka, kuma yakan sa ciwon gaɓoɓi. Kada ka daina ko ɗaya daga cikinsu da kanka. Barin maganin tarin fuka ko na hawan jini ya fi gaut haɗari nesa ba kusa ba. Ka gaya wa likita, akwai abin da zai iya canzawa. Misali losatan, wani maganin hawan jinin, yana ma ɗan rage yurik asid.

Ciwon ƙoda yana ɗaga shi. Sikila ma tana ɗaga shi, saboda jiki yana ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini ba hutu, ga kuma ƙodar da ciwon yake gajiyarwa. Gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, tana lalata ƙoda ta kawo gaut ga manya da suka daɗe suna shaƙar ƙurarta. Sai ƙiba, da rashin isasshen ruwa a jiki, abin da ya kamata mai gaut ya kula da shi lokacin zafi da lokacin azumi: ya sha ruwa sosai tsakanin buɗe-baki da sahur.

Maganin da aka samu a kan hanyar neman wani

Tunda zantin oksides ne yake ƙera yurik asid, rage masa aiki zai rage sinadarin. Abin da alofurinol yake yi ke nan. Siffarsa ta yi kama da haifozantin, sai enzayim ɗin ya ruɗe ya kama shi, abin da ya fito daga nan kuma ya maƙale masa ya hana shi aiki. Masu bincike biyu na Amurka, Gertrude Elion da George Hitchings, su suka fito da amfaninsa. Asali suna neman abin da zai hana jiki saurin lalata wani maganin sankarar jini ne, sai aka lura yana sauke yurik asid. An amince da shi a Amurka a 1966, su biyun kuma suka samu kyautar Nobel a 1988 tare da James Black na Birtaniya. Akwai wani na baya-bayan nan, febuzostat, mai aiki a kan enzayim ɗin.

Ga abin da nake so ka riƙe idan likita ya rubuta maka alofurinol. Ba maganin raɗaɗi ba ne. Lokacin da ciwon ya tashi, abin da ake bayarwa shi ne kolcisin, ko maganin kumburi irin su dikilofenak, ko firednisolon, gwargwadon lafiyar ƙodarka da cikinka. Alofurinol kuwa na kullum ne, kamar maganin hawan jini. Ana farawa da kaɗan, yawanci miligiram 100 ko ƙasa da haka, ana ƙarawa a hankali ana auna jini har yurik asid ya sauka ƙasa da 6. A watannin farko ciwon yakan tashi ma fiye da da, saboda tsofaffin allurai sun fara narkewa suna motsi. A nan ne mutane da yawa suke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba, alhali aikinsa ne ya kankama. Idan aka daure, alluran sukan narke gaba ɗaya, ciwon ya daina zuwa.

Gargaɗi biyu. Idan ƙuraje suka feso maka, ko zazzaɓi, ko baki da idanu suka yi gyambo bayan ka fara shi, ka tsaya nan take ka je asibiti a ranar. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana iya kisa, kuma wani nau'in gado mai ƙara haɗarinsa ya fi yawa a mutanen gabashin Asiya da baƙar fata fiye da Turawa. Na biyu, mai shan azatiyofirin ko makaftofurin bai kamata ya haɗa su da alofurinol ba sai da sanin likita, don zantin oksides ne yake lalata su, idan aka toshe shi sai su taru su zama guba.

Haɗiyar dikilofenak daga kemis duk lokacin da ciwo ya tashi, shekara da shekaru, hanya ce ta gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma alluran suna nan suna ƙaruwa. Ƙarshensu su zama dunƙule-dunƙule masu fari kamar alli a yatsu, gwiwar hannu da gefen kunne, su ci ƙashi su karkatar da gaɓa, ko su zama tsakuwar ƙoda.

Me za a ci, me za a rage?

Uwargida, wannan ɓangaren naki ne. Abin da ya fi fiyurin shi ne kayan ciki: hanta, ƙoda, zuciya, saifa. Sai jan nama, romon da aka daɗe ana dafa nama a ciki, da kifin gwangwani irin sadin. Giya tana ɗaga shi ƙwarai. Lemon kwalba da duk abin sha mai sukari da yawa ba su da fiyurin, amma sukarin furuktos da ke cikinsu yana sa hanta ta ƙara ƙera yurik asid. Mai gaut ya yi hattara da kwanakin Babbar Sallah, inda ake buɗe ranar da soyayyar hanta, a bi da farfesun kayan ciki, a kora da lemo mai sanyi.

Wake, alayyafo da sauran ganye fa? An daɗe ana hana masu gaut su, amma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, wanda ya bi maza sama da 47,000 tsawon shekara 12, ya nuna nama da abincin teku suna ƙara haɗarin, fiyurin na tsirrai bai ƙara ba, madara da dangoginta kuma suna rage shi. Saboda haka ƙosai, alale, miyar zogale da nono suna nan a kan faifai. A rage sukarin da ake zuba wa fura kawai.

Sai dai ka tuna abin da na ce ka riƙe: mafi yawan sinadarin daga jiki yake fitowa. Kiyaye abinci yana taimakawa, amma abin da yake saukewa kaɗan ne. Wanda ciwon yake tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fara dunƙulewa, ko yana da tsakuwar ƙoda, yana buƙatar magani ko da ya bar nama gaba ɗaya. Don haka a daina yi wa maigida gorin kwaɗayi duk lokacin da ƙafar ta tashi.

Abu biyu na ƙarshe. Idan gwaji ya nuna yurik asid ɗinka ya ɗan hau amma ba ka taɓa ciwon gaɓa ko tsakuwa ba, yawanci ba a fara magani, sai dai a duba hawan jini, sukari da ƙoda, don sukan zo tare. Idan kuma gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi da rawar ɗari, kada ka zauna a gida kana cewa gaut ne. Ƙwayoyin cuta sukan shiga gaɓa su yi kama da shi sak, kuma cikin 'yan kwanaki suke lalata ta. A je asibiti a ranar.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ajiye a ƙasa, za mu ɗauko wasu mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita. Sai mun haɗu mako mai zuwa.